Rena, Wadda Aka Daina Kayarwa

Yayata Rena ta girme ni da shekara huɗu. Tun muna yara ita ce mai tuƙi, ni ne mai shiga ƙarƙashin mota, kuma ba mu taɓa yin musu a kan wannan rabo ba. Sunana Censu, ni ne bakanikenta na kusan shekara talatin.

A gonar rake muka tashi, yamma da garin Mackay, inda kakanmu ya sauka daga tsibirin Malta ya yi ta saran rake da adda har ya mallaki nasa filin. Babanmu, Wistin Bezzina, namiji ya so ya fara samu. Da mace ta zo, sai ya ɗora ta a kan tarakta tun ƙafarta ba ta kai birki ba, ya ɗaura mata guntun katako a kai don ta iya takawa. Kafin ta gama makaranta ta riga ta koyi satar akori-kurarsa zuwa doguwar hanyar da ta ratsa gonaki, miƙaƙƙiya kamar an ja zare, tana tsere da 'ya'yan maƙwabta. Mamanmu ta ƙona kyandir a coci saboda ita har Fada ya fara tsokanarta cewa ita kaɗai ke riƙe da mai sayar da kyandir.

Filin tseren garinmu yana bayan gonaki ne, layi biyu na kwalta a jere, tsawon mita ɗari huɗu, babu kwana ko ɗaya. Mota biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa, fitila ta sauko daga rawaya zuwa kore, wanda ya riga kaiwa ƙarshe ya ci. Duk abin ba ya wuce numfashi biyu ko uku. Mutum sai ya yi wata guda yana kwance inji yana ɗaurawa saboda wannan numfashi biyun.

Motarmu tsohuwa ce ja ƙirar Torana, mu muka gina ta a rumfar tarakta. Muka sa mata suna Nanna, wato kaka a harshen Malta, don halinta ɗaya da kakarmu: da safe sai ta yi ta tari tana ƙin tashi, in kuwa ta fara magana ba a jin muryar kowa. Da ita Rena ta zagaya jihar nan, ta sauka har kudu, ta cika saman firij da saman kabad da kofuna. Abin da ta fi kowa shi ne ido. Kafin kore ta gama kamawa ta riga ta tafi. Wasu suna da injin da ya fi namu ƙarfi, amma sai su iske ta ba su tazarar da ba za su iya cikewa ba.

Babban abokin hamayyarta Merv Tolhurst ne, mahauci a cikin gari, ƙato mai jan wuya. Ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun soki juna ba.

"Rena," in ji shi, yana ɗaura hular kwano, "ba ki bar tukunya a kan wuta ba kuwa?"

"Na bari, Merv. Zan koma kafin ta tafasa. Kai dai sai an kwashe an wanke kwanuka za ka iso."

Wani lokaci shi ke ci, wani lokaci ita. In ya ci sai ya aiko mata da ƙashin miya a leda, wai ta samu abin yi a gida. In ta ci sai ta shiga shagonsa ranar Litinin, lokacin da ya cika da mutane, ta tambaye shi da ƙarfi ko yana da naman kunkuru.

Mijinta kuwa, Des Pattison, direban ƙaramin jirgin ƙasan da ke jan rake zuwa masana'antar sukari ne, abin da yaro a keke yake iya wucewa. Duk gari ana dariyar cewa mutumin da ya fi kowa tafiyar hawainiya ya auri macen da ta fi kowa gudu. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya. Bai taɓa hana ta ba, amma kuma bai taɓa iya kallon tserenta ba. Da ta shiga layi sai ya zagaya bayan rumfar masu gasa nama ya juya baya, sai ya ji an yi tafi sannan ya fito. Ba su samu haihuwa ba. Sunanta na gida ta ci gaba da rubutawa a jikin mota, shi ma ya ce hakan ya fi, don sunansa bai saba da gudu ba.

Tana da shekara hamsin da tara ciwon ya zo, a tsakiyar kakar yankan rake. Da safe ne, tana zuba shayi, kofin ya suɓuce, ita ma ta bi shi. Des ne ya same ta a ƙasa. A asibiti aka ce jijiya ce a kanta, shanyewar ɓarin jiki, amma ta zo da sauƙi. Maganarta ta dawo cikin 'yan makonni, ƙafarta ma ta dawo. Hannun hagu ne ya ƙi komawa yadda yake. Yana ɗaguwa, yana riƙe cokali, amma yatsun ba su da ƙarfin damƙa.

Ni na raka ta wurin likita ranar da ta je neman izinin komawa tsere, don ba a shiga gasa sai da amincewar likita. Ya ce tuƙin hanya zai halatta mata nan da 'yan watanni. Nanna kuwa, a'a.

"Likita, tuƙin da bai kai daƙiƙa goma ba ne fa."

"Na sani. Su nake tsoro."

"Da hannu ɗaya ma zan iya. Tambayi ƙanena."

Ya dube ni. Na dubi takalmina. Na san irin fizgar da motar nan take yi in ta tashi, na san yadda sitiyari yake dukan hannu in taya ta fara rawa. Ba ta yi mini magana ba har muka isa gida.

Ta je wurin wasu likitocin, har birnin Brisbane ta je. Bakinsu ɗaya. Ta yi ta matsa ƙwallon roba a hannun nan safe da yamma, a coci ma yana cikin jakarta. Shekara biyu Nanna tana rufe da tamfol a rumfa, ni kuma ina zuwa lokaci-lokaci ina tayar da ita don kada inji ya daskare. Duk ranar da na tayar, sai na hango Rena ta tagar kicin ta tsaya cik da abin da ke hannunta. A ƙarshe ita da kanta ta ce a sayar. Ranar da mai saye ya zo daga kudu da tirelarsa, ta ɗauki karensu ta tafi can ƙarshen gona wajen rafi, ba ta dawo ba sai da ƙurarsu ta kwanta.

A filin tserenmu akwai wata Lahadi a kowane wata da ake buɗe wa kowa. Duk mai lasin tuƙi da hular kwano sai ya shigo da motar da yake zuwa aiki da ita ya gwada. Babu kofi, babu maki, sai dariya da gasasshen nama. A da Rena tana kiranta ranar wasan yara. Ni na yi ta lallaɓa ta, don na ga yadda take zama a baranda tana kallon rake kamar mai jiran baƙon da ya fasa zuwa.

"In je in yi tsere da motar mai gyaran famfo?"

"Ki je ki ji ƙamshin taya dai. In ba ki so, mu ci nama mu dawo."

Des bai so ba. Ya ce likita bai hana wannan ba, gaskiya ne, amma shi ya san matarsa, ba ta san rabin totur ba. Duk da haka muka je, da farar akori-kurar gona, mai giya da kanta, kujerarta duk gashin kare.

Da motar mai gyaran famfon kuwa aka haɗa ta, bututu na ƙara a bayansa. Ta bar shi a fitila yana neman totur. Ta dawo tana dariya har da hawaye, tana dukan ƙofa da hannun dama. Na ce a raina, to, mun samu magani.

Wata na biyu ta ci duk wanda aka haɗa ta da shi. Wata na uku ma haka. Ta ci samarin da ke aiki a ma'adinan kwal, masu manyan motocin da ko a mafarki akori-kurarmu ba za ta ga bayansu ba. Mutane suna tafi, mai lasifika yana kirari, wai tsohuwar zuma da ita ake magani. Amma dariyar Rena ta fara raguwa. A hanyarmu ta komawa, bayan mun yi nisa, ta ce:

"Ka ji?"

"Na ji me?"

"Kada ka raina mini hankali, Censu. Ya ɗaga ƙafa. Yaron nan mai baƙar mota. A tsakiyar hanya ya ɗaga."

Na ji mana. Wanda ya yi rayuwarsa da kunne a jikin inji ba ya kasa jin lokacin da aka saki totur. Tun wata na biyu nake ji, ina fatan hular kwano ta toshe mata kunne.

A watan da ya biyo baya ta tare ɗaya daga cikinsu a inda ake ajiye motoci, wani dogo da har yanzu ban san sunansa ba.

"Zo nan, ɗan nan. Me ya samu motarka?"

"Goggo Rena, giya ce ta maƙale mini."

"Motarka da kanta take sa giya."

"To... taya ce ta zame."

"A busasshiyar kwalta? Ka dube ni da kyau. Na yi kama da mai bara?"

Ya yi ta murza hula a hannu yana cewa ta yi haƙuri. Ta roƙe su, ta zage su, ta ce duk wanda ya kayar da ita za ta saya masa lemo. Suka yi dariya suka ce Goggo akwai ban dariya. Da aka koma layi suka ci gaba da abin da suke yi, sai dai yanzu sun ƙware. Wani ya makara a fitila da gangan, wani ya riƙa sakin totur kaɗan-kaɗan don kada a ji. Ita kuwa tana ji.

Merv ya riga ta barin gasa da shekara biyu, gwiwa da zuciya suka ajiye shi. Yakan zo ranar Lahadin da wata tsohuwar Falcon da ya gyara don nishaɗi, mota mai lafiya, wadda za ta cinye akori-kurarmu ba tare da ta yi gumi ba. Ban san yadda aka yi ba a taɓa haɗa su ba, sai daga baya na gane shi yake kaucewa. Rannan Rena ta same shi a inuwa yana cin burodi da nama.

"Merv, kai kaɗai ka rage mini."

"Ni kuma? Me na yi?"

"Shekara talatin kana tsanata. Kada ka daina yau."

"Ban taɓa tsanarki ba, Rena."

"To fara. Tashi mu je layi. In ka kayar da ni, ka aiko da ƙashin miyarka, zan dafa in sha."

Ya goge baki ya tashi ba da son ransa ba. Da mutane suka ga motocin biyu sun jeru, har masu gasa nama suka bar wuta suka zo bakin shingen waya. Rana tsaka ce, kwalta tana tururi.

Kore ta kama. Rena ta riga shi tashi kamar kullum, amma Falcon ta taho da ƙarfinta, ta kamo ta, ta wuce da rabin jiki. Na ce na gode Allah, yau za a kayar da ita ta samu barci. Sai na ji muryar injinsa ta sauka.

Ita ma ta ji. Sai ta ɗaga tata ƙafar.

Merv ya ga ta koma baya, ya ƙara ragewa. Ta ƙara ragewa. Motoci biyu suka koma tafiyar masu rakiyar gawa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya wuce. Mai lasifika ya ce, "Jama'a, wa ya ga inda suka jefar da totur?" Aka fashe da dariya. Suka ci gaba da rarrafe, dariyar ta yi ta raguwa har ta ƙare, mai lasifika ma ya yi shiru. Saura 'yan taku a kai layin ƙarshe Rena ta taka birki ta tsaya. Merv ya tsaya a gefenta.

Na bi gefen kwalta da sauri, gwargwadon saurin mai shekaruna. Da na isa duk sun sauke gilashi, injuna suna aiki a hankali.

"Wuce mana," in ji Rena.

"Ba zan iya ba."

"Ƙafarka ce ta shanye ko tawa?"

"Rena, don Allah ki wuce kawai. Taku nawa ne?"

"Wa ya sa ku?"

Ya cire hular kwano. Ƙaton nan da na sani yana saɓa rabin sa a kafaɗa, sai ga shi fuskarsa ta jiƙe, ba da gumi kaɗai ba.

"Des ne," ya ce. "Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, tun bayan zuwanki na farko. Har shago ya same ni. Ya ce in aka matsa miki za ki taka har sai jijiyar ta sake fashewa. Ya ce mu bar ki ki ci ki koma gida lafiya. Me zan ce masa, Rena? In na kayar da ke wani abu ya same ki, da wane ido zan dube shi?"

Ta kashe mota, ta yi ta fama da maɓallin hular da hannun hagu har na miƙa hannu, ta buge shi. Da ta samu ta cire, ta ajiye a kujera, ta fito ta bi ta cikin ciyawa da ƙafa zuwa bakin ƙofar fili. Ni na shiga na tsallakar da akori-kurar, don a samu a ci gaba da tsere.

Da na ɗauko ta muka isa gida, na so in sauke ta in wuce, amma ta ce in shigo. Des yana baranda yana gyaran tiyon ban ruwa. Da ya ga fuskarta ya ajiye.

"Merv ya faɗa mini."

"To."

"To kawai?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi."

"Ka mai da ni abar tausayi a filin da na yi shekara talatin ana tsorona. Yara suna ba ni nasara kamar ana ba jariri alewa."

Des ya ɗago kai ya dube ta.

"Ni na tsince ki a kicin, Rena. Ke ba ki ga fuskarki ba rannan, ni na gani. Ina kiran sunanki kina kallona ba ki san ni ba. Ki yi fushi da ni har ƙarshen rayuwata, na yarda, in dai kina zaune a nan kina yi."

Na jira ta yi masa irin ruwan masifar da na san ta da shi. Amma ba ta yi ba. Da mugunta ya yi mata da ta san abin yi. Ta zauna a kan matakala, kare ya zo ya sa kai a cinyarta, ni kuma na tashi na tafi.

Des ya koma ya bi mutane ya ce ya janye maganarsa. Bai yi amfani ba. Magana ta riga ta shiga kunne, kowa ya riga ya hango kansa a matsayin wanda ya kashe Goggo Rena. Ita ma ba ta koma ba. Damina ta zo ta wuce.

Wata safiya ta iso gidana da hular kwano a leda.

"Akwai wani gari can ciki, na masu haƙar kwal, sun mai da tsohon filin jirgi wurin tsere. Gobe suna da rana irin tamu. Ba wanda ya san ni a can."

"Tafiyar yini ce fa."

"Ka ga ina da wani aiki?"

"Des ya sani?"

"Shi ya cika mini mai."

Muka tafi, da kwalin pastizzi, abincin fulawa mai cuku na mutanen Malta, da ta toya a kan kujera tsakaninmu. Rake ya ƙare, duwatsu suka wuce, sai jar ƙasa da shanu. Muka kwana a wani masauki, da safe ta rubuta cikakken sunanta na aure, Nazzarena Pattison, sunan da ban taɓa ganin ta yi amfani da shi ba in ba a banki ba.

Aka haɗa ta da wata mata mai suna Shona, direbar manyan motocin ma'adini, 'yar shekara arba'in da wani abu, mai wata koriyar mota duk lotsawa. Shona ta kayar da ita ba tausayi, ta ba ta tazarar mota uku. Da suka dawo ta leƙo ta taga.

"Kaka, barci kika yi a hanya? Ko in turo miki jikokinki su tura?"

Na dubi Rena. Fuskarta ta haskaka kamar an kunna fitila a ɗaki.

"Ke, 'yar nan, a fitila na bar ki kina hamma. Injinki ne ya cece ki."

"To a sake mana!"

Suka sake, ta sake kayar da ita. Suka sake na uku. Rena ta sa na sauke tayar ko-ta-kwana da akwatin kayan aiki da duk wani abu mai nauyi, har tabarmar ƙafa, ta sa na rage iskar tayoyin baya. Tazarar ta dawo mota ɗaya. Tana zagi tana dariya, tana cin pastizzi da hannu mai baƙin mai. Rabon da in gan ta haka tun kafin ciwon.

Muna cikin haka wani dattijo mai sanda ya tsaya yana kallonta. Ya zagayo ya sake kallo. Na gan shi ya nufi rumfar mai lasifika, na so in tare shi, amma ban san me zan ce masa ba. Can sai muka ji:

"Jama'a, kun san wa ke cikinmu yau? Mai farar akori-kurar nan Rena Bezzina ce, mai jar Torana! Ta yi fama da rashin lafiya, amma ga ta Allah ya dawo mana da ita. A tafa mata!"

Aka tafa. Mutane suka taso da wayoyinsu suna ɗaukar hoto. Rena ta tsaya da rabin pastizzi a hannu, tana yaƙe. Shona ta zo, ta cire hula, muryarta ta canza.

"Goggo, ki yafe mini, ban sani ba. Babana yana ba mu labarinki. Da na sani da ban yi miki wannan bakin ba."

"Bakin nake so. Mu koma layi, ki yi mini yadda kika yi ɗazu."

"To, Goggo."

Suka jeru. Iska ta taso daga yamma tana kaɗa rumfuna, wata babbar mota kuma tana gwada inji a bayana. Rena ta tashi da kyau, tashin da ban ga irinsa ba tun zamanin Nanna. Suka tafi kai da kai, daga inda nake ba na iya bambancewa. Allo ya nuna layin Rena ne ya ci, da abin da bai kai tsawon hannu ba. Fili ya ɗauki ihu.

Ba ta tsaya karɓar gaisuwa ba. Ta ce in mayar da kaya mu kama hanya. Sai da muka bar garin, jar ƙasa ta kewaye mu, sannan ta ce:

"Ta ɗaga?"

"Ban sani ba."

"Censu."

"Na rantse miki ban ji ba. Iska ta yi yawa, ga wancan yana ta ƙara a kunnena. Mun rage nauyi, kin tashi da kyau. Zai yiwu ke kika ci."

"Zai yiwu."

"Ke ba ki ji ba?"

"A karon farko a rayuwata ban ji ba. Ina ta sauraron injina."

Ta juya tana kallon taga. Bayan wani lokaci ta ce, ko ta kira matar ta tambaya, amsa ɗaya za ta ba ta, ko ta ɗaga ko ba ta ɗaga ba. Ba mu sake zuwa garin ba.

Yanzu shekararta sittin da bakwai. Ta koma filinmu, amma da sharaɗi: ita kaɗai take shiga, ɗaya layin a bar shi babu kowa. Da farko masu fili sun ce ba a saba ba, daga baya suka bari. Duk Lahadin wata sai a ga farar akori-kura ta tsaya a fitila ita kaɗai, kore ta kama, ta tafi. Takan yi sau biyu ko uku, ta sayi nama, ta zauna kusa da Merv su yi ta musu a kan tseren da aka yi tun kafin a haifi rabin mutanen wurin. In an tambaye ta takan ce don nishaɗi take yi. Ita da Des suna nan lafiya, suna zuwa coci tare, ba na jin sun sake tayar da maganar.

Hannun yana ƙara mutuwa. A watan jiya ta kankare ƙofar mota da ginshiƙin shiga gona, don sitiyari ya suɓuce mata a kwana. Na sayo irin ƙulun nan da ake ɗaurawa a jikin sitiyari don mai hannu ɗaya ya iya juyawa, na je na ɗaura tana cikin gida. Ta fito ta tsaya tana kallonsa.

"Wannan ai na guragu ne."

"Na masu tarakta ne ma. In ba ki so in cire."

Ta shiga ta zauna, ta kama shi da hannun dama, ta juya hagu, ta juya dama. Hannun hagun yana kwance a cinyarta.

"Bar shi," ta ce. "Shigo ka sha shayi."